Akwatin Appa a Won Dubu Goma

Kafin ku fara yi mini wankin babban bargo a ƙasan rubutun nan kamar yadda kuka saba, ku bari in faɗi laifina da bakina. Ni Pyo Yeon-du, 'yar shekara talatin da ɗaya, ma'aikaciyar ofishin inshora a birnin Daegu, farautar matan da suka rasa mazajensu nake yi. Ku tsaya, kar ku zaro ido, yanzu zan yi bayani.

Duk Asabar Omma, wato mahaifiyata, ta ɗauka ajin motsa jiki na yoga nake zuwa. Har tabarma ta saya mini, mai ruwan hoda. Tabarmar tana nan a naɗe a ƙasan teburin wani shagon kafinta a bayan kasuwa, inda na shekara biyu ina koyon aikin katako a ɓoye. Sabbin kayan aiki kuwa tsadarsu sai ta sa mutum zazzaɓi, saboda haka na zama 'yar gwanjo a manhajar nan ta unguwa, wadda kowa ke saka tarkacen gidansa maƙwabta su taya.

Ga sirrin, kyauta na ba ku. Duk tallar da kuka ga hotonta tas, an shimfiɗa farin ƙyalle, an hasko tambarin maƙeri, ku wuce, mai kayan ya san abin da yake riƙe da shi. Wadda ake nema ita ce mai hoto dishi-dishi, an zube kaya a tsakar ɗaki, an rubuta "tsofaffin ƙarafa, a zo a kwashe". Tara cikin goma za ku tarar wata tsohuwa ce mai gidanta ya rasu, ko 'ya'ya ne za su tashi daga gida. A nan ake samun cizal da zarto na asali a kuɗin kofin shayi. Sai ka je ka sunkuyar da kai, ka ce Allah ya ji ƙansa, ka nemi ragi kuma. Sau bakwai na yi haka, kuma barcina nake yi lafiya lau.

Sai maganar manemin. Imo, ƙanwar Omma, wadda ba ta da sana'ar da ta wuce haɗa aure, ita ta samo shi: Tak Hyeon-su, likitan haƙori, asibitinsa na kansa, tasha biyu daga gidanmu. Sau ɗaya muka zauna da shi a wurin shan shayi na wani otal. Minti arba'in yana ba ni labarin dasashi. Da na yi dariya don ladabi sai na ga ya ƙura wa bakina ido, daga nan na rufe shi ruf. Tun ranar, wata biyu ke nan, saƙonsa ba ya saɓa lokaci, kullum da "-ssi" na ladabi a bayan sunana.

"Yeon-du-ssi, kin ci abincin rana?"

"E."

"Madalla. A tuna da goge haƙori."

Jama'a, wannan ne fa mutumin da Omma ke kira kyautar sama. Ranar Lahadi mahaifiyarsa za ta zo ganin gidanmu, kuma tun Litinin Omma ke goge abin da ma ba a gogewa, har ganyen fulawar roba.

Ranar Alhamis ina ofis, na buɗe kwanon shinkafata ke nan, waya ta yi ƙara. Na saita manhajar ta riƙa sanar da ni duk tallar da aka ambaci ƙarfe a ciki. Na duba.

"Tsofaffin ƙarafa cikin akwati. Won dubu goma. Da nauyi, a zo da ƙarfi."

Hoto dishi-dishi. Kaya a tsakar ɗaki. Yawuna ya tsinke, na ce yau kuma wace baiwar Allah ce ta faɗo hannuna. Na ja hoton ya girma. Ledar ɗakin ruwan ƙwai ce, da ƙunar dutsen guga a gefe, irin tamu sak. A kusurwar hoton ga babban yatsan ƙafa cikin safa mai zanen fure. Na san safar nan, ni na saye ta. Na san akwatin nan ma, da igiyar fata a hannunsa.

Akwatin Appa ne.

Appa, wato mahaifina, shekara arba'in yana yin ƙofofi da tagogin katako na gidajen gargajiya. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, akwatin yana baranda a bayan tulun kimchi, tsimammen kabejin nan namu mai yaji, ban taɓa iya buɗe shi ba. Kullum ina cewa sai hannuna ya faɗa, sai na cancanta. A cikinsa akwai cizal goma sha biyu, da filen ɗin goge katako guda uku, da zarton da ko ni bai yarda in taɓa ba. Shi ne Omma ta saka a kasuwa a kuɗin kwanon taliya. A saman tallar kuma an riga an rubuta: an kama, wato wani ya riga kowa.

Nan take na tura saƙo da sunana na manhaja, Mai Zarto.

"Sannu da aiki. Zan ba da dubu hamsin, yanzu-yanzu."

Amsa ta zo da fure uku a gaba. "Ayya, na riga na yi wa wani alkawari. A yi haƙuri, a wuni lafiya."

Omma ce fa wannan! Matar da ba ta taɓa ce mini a wuni lafiya ba. Na ce dubu ɗari. Na ce ɗari biyu. Sai na ga saƙona ya daina shiga. Ta toshe ni.

Ban san yadda na kai ƙarfe shida ba. Na tarar da ita a baranda, safar roba har gwiwar hannu, tana dirzar wurin da akwatin yake a da.

"Omma, ina akwatin Appa?"

"Cire takalmi tukuna, yanzu na goge nan."

"Kin saka shi a manhaja. Na gani."

Ta ɗago a hankali. "Me ya kai ki sashen ƙarafa?"

A nan asirina ya tonu, na faɗa mata komai, shagon, da shekara biyun. Ta zauna daɓas a kan bokiti.

"Tabarmar fa?"

"Tana nan lafiya."

"Tsaya. Ke ce marar kunyar nan Mai Zarto? Na ce wace irin mahaukaciya ce za ta ba da dubu ɗari biyu a kan tsatsa, ashe a cikina na ɗauke ta wata tara!"

"Ki soke cinikin, Omma. Ki ce kin fasa."

Kallon da ta yi mini sai ka ce na ce ta cinna wa gidan wuta. Ku da kuke amfani da manhajar kun san makin mutunci, wanda masu saye ke ba mai sayarwa. Omma tana da casa'in da tara. Matar hawa na bakwai tana da casa'in da takwas, kuma shekara guda ke nan suna wannan tseren, suna gaisawa a lif da murmushi.

"In soke? Ya rubuta cewa ba ni da alkawari? Matar can ta wuce ni? Ki kashe ni kawai ki huta."

"To me ya yi miki zafi da za ki sayar?"

Ta juya tana matse tsumma. "Imonki ta gaya musu babanki harkar gine-gine yake yi."

"Harkar gine-gine?"

"Ƙarya ta yi? Ƙofa ba a jikin gini take ba? Sun ɗauka kamfani gare shi, mu kuma ba mu ce e ba, ba mu ce a'a ba. Yanzu matar nan ta zo ta leƙa baranda ta ga akwatin kafinta, me zan ce mata? Gidan likitoci ne fa, Yeon-du."

Raina ya ɓaci ƙwarai, har hawaye suka zo. Mutumin da ya ciyar da mu da waɗannan ƙarafan, yau su ne abin kunya. Na ce zan ɗauke akwatin in kai shago. Ta ce ta kulle shi a ɗakinta, ta nuna mini makullin a rataye a wuyanta. Na ce ta ba ni sunan mai sayen. Ta ce sunansa Ƙurar Katako, kuma marowaci ne na ƙarshe, don sai da ya sa ta rage masa dubu biyu wai tunda shi zai zo ɗauka.

Dubu takwas! Na san irinsu sarai, ai irina ne. Dabara ɗaya ta rage mini: in bi ta wurin cinikin, in roƙi mutumin, in ya ƙi in zauna a kan akwatin har 'yan sanda su zo.

Asabar ƙarfe biyun rana, ƙofa ta uku ta tashar jirgin ƙasa, gaban kantin magani. Omma ta sha riga mai furanni da hular kare rana mai faɗin faranti, ta ɗaure akwatin a keken cefane. Ni kuwa da gangan na saka wandon shago mai tabon gam, na ɗaure gashi da robar kuɗi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce in ja baya taku biyar kar a ce tare muke.

Kun san yadda ake yi. Kowa ya tsaya yana kallon waya, yana satar kallon na kusa da shi. Omma ta tare maza uku tana raɗa musu, "Ko kai ne Ƙurar Katako?" Na ukun har ya riƙe jakarsa da kyau ya ƙara sauri.

Can sai ga wani dogo ya hauro matakala, hula ta rufe goshi, takunkumi ya rufe baki, tsohuwar rigar sanyi duk garin katako a kafaɗa. Ya nufo keken kai tsaye ya rusuna, ya ambaci sunan Omma na manhaja.

"Ko ke ce Furen Kabewa?"

Muryar nan. Minti arba'in na yi ina jin ta a kan dasashi, ko a mafarki zan gane ta. Shi ma ya ɗago, ya ga Omma, ya hango ni a taku biyar ɗina, sai ya sandare. Ya sauke takunkumin a hankali.

"Omonim," ya ce da Omma, irin kiran girmamawar da saurayi ke yi wa uwar budurwa. "Yeon-du-ssi."

"Likita!" Omma ta dafe hularta. "Kai ne... kai ne ka nemi ragin dubu biyu?"

Kunnuwansa suka yi jawur. "Sabo ne, Omonim. Hannuna ne ya rubuta."

Na rantse da ba don akwatin ba da na kwanta a ƙasa don dariya. Kyautar sama, mai asibitin kansa, ashe ɗan gwanjo ne, abokin farautata. Sai yanzu na gane wanda ya riga ni kama wani zarto a watan jiya da minti ɗaya.

Omma ta yi maza ta gyara murya. "Ai kayan wani lebura ne da ya yi wa mai gidana aiki. Ya bari a wurinmu, mun rasa yadda za mu yi da su."

Ya tsuguna a gaban kantin maganin, mutane na ratsa shi, ya kwance igiyar, ya ɗaga murfin. Ƙamshin katako da mai ya bugo ni, sai da na riƙe ƙarfen keken. Ya zaro cizal ɗaya da hannu biyu. Ya juya shi, ya karanta tambarin, ya shafa ƙotar da babban yatsa daidai inda ta lotsa.

"Wannan an wasa shi har ya rage rabi," ya ce, kuma muryarsa ta canza, ba ta asibiti ba ce. "Shekara talatin ke nan aƙalla a hannu ɗaya. Maƙerin nan ya daɗe da rufe maƙerarsa. Dubi bayansa, shafal kamar madubi. Wanda ya riƙe wannan ba lebura ba ne, Omonim."

"Na Appa ne," na ce. Omma ta taka mini ƙafa, ban fasa ba. "Kafinta ne. Ƙofofi yake yi. Ba shi da kamfani, ko babur ɗinsa na hannu ya saya. Ni ma ba yoga nake zuwa ba."

Ya dubi wandona, ya dubi gam ɗin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya koma kan kayan, ya shinshina yatsunsa.

"To kin iya kula da su. Shekara nawa da rasuwarsa?"

"Uku."

"Shekara uku a baranda, ga damina, amma babu ɗigon tsatsa ko ɗaya. Duk wata ake shafa musu mai. Na ƙarshen ma bai wuce kwana biyu ba."

"Ni ban taɓa buɗe shi ba," na ce.

Na juya na dubi Omma. Ta kafa wa tallar maganin ciwon gwiwa da ke jikin gilashi ido, kamar za a yi mata jarrabawa a kai.

"Ya tsani tsatsa," ta ce, ba ta juyo ba. "In ya ga tsatsa ko abinci ba ya iya ci. Me kuke kallona? A yi ciniki a tashi, rana na dukana."

Matar da ta rubuta "tsofaffin ƙarafa". Matar da ta kira su tsatsa a gabana shekaranjiya. Tausayinta ya kama ni, kunya kuma ta rufe ni, don sai a lokacin na tuna tsofaffi bakwai ɗin nan da na nemi ragi a hannunsu. Ban taɓa tambayar kaina wa ke shafa wa nasu mai ba.

Na buɗe baki zan fara roƙon da na kwana biyu ina haddacewa, sai na ga ya ciro waya ya tura wa Omma kuɗin. Wayarta ta yi ƙara. Shi ke nan, ciniki ya faɗa. Na ce a raina, lallai ɗan gwanjo ɗan gwanjo ne, ko gawa ya gani sai ya taya. Ya mayar da cizal ɗin mazauninsa, ya ɗaure igiyar, ya ɗago akwatin da ƙyar, sai kawai ya ɗora mini shi a hannu.

"Yanzu nawa ne, babu wanda zai sake saka shi a kasuwa. Na ba ki."

Nauyin ya kusa kayar da ni. Na rungume shi a ƙirji. Omma ce ta daka tsalle.

"A'a! A'a, Likita! Ba a kyautar abu mai kaifi! Cizal sha biyu da zarto? So kake ka daddatse zumuncin gunduwa-gunduwa? Yeon-du, ba shi kwandala, maza, ya zama saya kika yi!"

Haka ne, kowa ya sani. Ko wuƙar yanka albasa ƙawarka ta ba ka, sai ka miƙa mata 'yar kwandala, in ba haka ba kaifin ya raba ku. To amma wa ke yawo da kwandala a zamanin nan? Omma ta zazzage jakarta a kan titi: katin asibiti, alewar citta, tabarau biyu, rasit na bara. Ta tare wata mata tana tambaya. Daga ƙarshe ta tono kwandalar won ɗari biyar a aljihun keken cefanen, ta cusa mini a tsakanin yatsu.

Ga gaskiyar da na ce zan riƙa gaya muku ko da za ku yi mini dariya. Wata biyu ina addu'ar abin da zai raba ni da mutumin nan. Ga dama ta zo har gida, abin da zan yi kawai in saki kwandalar ta faɗi. Amma ina kallon garin katakon da ke kafaɗarsa, ina tuna yadda ya riƙe cizal ɗin Appa da hannu biyu, sai na ga hannuna ya miƙe da kansa ta ƙasan akwatin.

Ya dubi kwandalar. Ya mayar da hannuwansa aljihu.

"Na san al'adar, Omonim. Shi ya sa na ce kyauta."

"Me kake nufi?" in ji Omma.

Ni ya fuskanta. "An ce mini ke 'yar mai kamfani ce, kar in kuskura in ambaci katako, za ki ɗauke ni ƙazami. To ban san komai ba sai haƙori da katako, aka hana ni ɗaya. Wata biyu ina turo miki saƙo, amsarki mafi tsawo ita ce 'to, na gode'. Na gane tuntuni, Yeon-du-ssi, rasa yadda zan sauwaƙe miki na yi. Mahaifiyata ba za ta zo gobe ba. Zan ce daga wajena ne."

Ya rusuna wa Omma sosai, ya rusuna mini, ya ja takunkuminsa, ya juya ya nufi matakalar.

Na samu akwatin, na rabu da likita, duk abin da na roƙa an ba ni a rana ɗaya. Amma ga ni tsaye a gaban kantin magani, hannuna a miƙe da kwandala.

"Bi shi mana, sakarya!" Omma ta daka mini duka a baya.

Tun da aka haife ni yau ne karo na farko da abin da Omma ta ce da abin da ƙafata ke so suka zo ɗaya. Sai dai ba a gudu da akwatin Appa, nauyinsa ya fi ƙarfin haka, ni kuma ba zan dire shi a kan titi ba ko za a yanka ni. Na dubi matakalar, hularsa har ta fara nutsewa. Na dubi Omma.

"Kawo nan," ta ce, ta ware hannuwa. "Ba zan sayar ba. Kawo, na fi ki sanin yadda ake riƙe shi."

Na ba ta. Ta rungume shi ta kifa fuskarta a kan murfin, hular faranti ta karkace, ba ta gyara ba.

Na kwasa da gudu, na ture wani ɗan makaranta, na tsallake matakala bibbiyu. Na hango shi a ƙasa ya ciro katin shiga, jirgi kuma yana ta ƙarar isowa. Ban taɓa kiran sunansa ba, ko a waya "Likitan Imo" na rubuta. Na cika ƙirjina da iska, a gaban duk mutanen tashar nan na ƙwala.

"Hyeon-su-ssi! Ban biya ba!"

Ya tsaya cak, katin a hannunsa. Amma bai juyo ba.